Mata Tamanin da Huɗu na Anti Lydia

Anti Lydia Andrawus 'yar Randagi ce, a can aka yanke mata cibiya. Shekararta goma sha tara tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a cikin garin Birnin Gwari, inda nake riƙe da rajistar marasa lafiya. Da mutanen ƙauyuka suka fara gudowa gari saboda 'yan bindiga, sai ta tafi Kaduna ta yi kwas na wata tara kan lafiyar ƙwaƙwalwa da ba da shawara. Da ta dawo ta share wani ɗakin ajiya, ta shimfiɗa tabarma biyu, mata suka riƙa zuwa tana sauraronsu. Ba ta katse mutum, ba ta yi masa wa'azi, kuma abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita.

Bara ƙungiyar da ke tallafa wa asibitin ta turo jami'inta, Malam Abarshi, ya duba ko ɗakin yana da amfani, in babu a mai da shi sito. Ya zo da takardar tambayoyi, ni na raka shi. Mata tamanin da huɗu daga cikin waɗanda suka gudo muka tambaya cikin kwana uku ko suna barci lafiya, ko hankalinsu a kwance yake. Saba'in da tara suka ce lafiya lau, alhamdulillahi.

Anti ta duba takardun, ta tambaye ni inda muka zauna da matan. Na ce a zaure. Su wa ke wurin? Na ce mazajensu, wani lokaci da surukai. Ta yi dariya har da tafa hannu.

"Ƙanena, kai da kanka in zazzaɓi ya kwantar da kai aka zo gaishe ka, me kake cewa? Balle mace, ga baƙon namiji, ga uwar miji a gefe."

Ta roƙi Malam Abarshi mako biyu. Ta bi matan nan ɗaya bayan ɗaya zuwa inda suke ɓarar masara, ta zauna tana taya su, suna hira da Hausa da Gwaranci. Sai ta nemi yardar mace tukuna, ta ba ta lamba maimakon suna. Ba ta tambayar lafiya. Takan tambayi abin da mace ta yi jiya da babur ya wuce bayan gida, ko sau nawa ta farka kafin asuba. Hamsin da ɗaya suka ce ƙarar babur na sa gabansu faɗuwa. Talatin da takwas ba sa barcin kirki. Shida da takalmi suke kwana.

Malam Abarshi ya ce alƙaluman sun yi nisa da nasa, dole ta ba shi sunaye ya tabbatar, in ba haka ba rahotonsa na farko zai miƙa. Na ɗauka za ta ba shi, don ɗakin na gab da kuɓucewa.

"Ranka ya daɗe, amana suka ba ni. Gara a zuba buhuna a ɗakin da in buɗe bakinsu a gabanka."

Sai ta kawo wata hanya. Ta rubuta lambobin duka ta zuba a ƙwarya, shi ya zari goma da hannunsa. Ta fara zuwa ta nemi izinin matan, sannan ya turo abokiyar aikinsa Susan ta gana da kowacce a keɓe. Tara suka faɗi abin da suka faɗa wa Anti. Ta goman ta ce ta fasa magana, Anti ta ce haƙƙinta ne, kada a matsa mata.

An bar ɗakin, an ma ƙara masa rana, yanzu Litinin da Laraba da Asabar ake buɗewa. Malam Abarshi ya nemi ta koya wa ma'aikatansa bakwai yadda ake tambaya, ta ce to, amma su taho da shirin ɓarar masara.