Lambatun da Na Karkatar

Kafin a fara nuna ni da baki a Bodinga, ni yarinya ce marar hayaniya mai son zane. Kawuna, manomin albasa a wani ƙauye da ke gangaren gari, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya yi ta sayar da amfanin gonarsa har na gama karatun safiyo. Ranar da na kawo masa takardar shaida juya ta ya yi ta yi a hannu yana dariya, yana cewa, "Ashe ƙasa ma karanta ta akai."

Na samu aiki a kamfanin da aka bai wa shimfiɗa sabuwar kasuwa a bakin hanyar Shagari. Aikina shi ne in auna tudu da kwari, in kafa turaka masu jan ƙyalle: nan titi zai bi, nan lambatu, nan kwalbati. Ina son aikin. Nakan tsaya a fili fetal da rani in riƙa ganin shagunan da ba a gina ba tukuna.

Da tambaya abin ya fara. Wani ɗan kasuwa ya tare ni ya ce, "Injiniya, don Allah titin ga ta ina za ya bi?" Na nuna masa. Washegari sai ga turmin atamfa a gida. Na ce a raina ai ba roƙa na yi ba. Daga nan na fara sayar da amsar. Da na ga ana biya, sai na soma gaya wa kowa cewa filinsa ne zai kalli titi, ko da ƙarya ne. Wanda ya matsa mini, in matsar masa da turke taku ɗaya ko biyu. Ba wanda ya lura, ni ma na daina jin komai.

Sai wani Alhaji ya zo, wanda babban lambatun zai ratsa tsakiyar filinsa. Na ce masa wannan kam ba ya taɓuwa, tsohuwar hanyar ruwa ce da ke sauka fadama. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗiyata, ruwa ido garai? Inda duk kinka nuna mai, nan za ya bi." Ya ajiye mini makullin mota a kan tebur.

Ba zan ce ban sani ba. Ni na yi awon, na san idan na karkatar da lambatun zuwa yamma, bakinsa zai kalli ƙauyen Kawu. Na lallashi kaina da cewa ruwan zai baje a gonaki kafin ya isa. Na sauya zanen, na cire turakan na sake kafa su, aka zuba siminti. Da Kawu ya ga motar har shafa ta ya yi, ya sa mini albarka.

Bayan an gina shagunan, da malka ta kama, wata rana bayan la'asar, ruwan rufin shaguna da na titi da na tashar mota duk ya haɗu a lambatu ɗaya ya gangara. Ya kwashe rumbunan albasa, ya shiga gidaje. Kawu ya fita da fartanya zai buɗe masa hanya a bayan ɗaki, katanga ta faɗo masa a baya. Bai mutu ba, amma bai ƙara takawa ba.

Da aka zo bincike, waɗanda na yi wa ƙaryar titi ne suka fara tona ni. Alhaji ya rantse bai taɓa magana da ni ba. Alƙali ya tura ni gidan yari. A can na koyi tsoron hadari. Duk sanda sama ta yi baƙi sauran mata kan fito da bokitai suna murna, ni kuwa in rakuɓe ina tunanin inda ruwan zai sauka.

Da aka sake ni, wurin Kawu na fara zuwa. Na same shi kwance a kan tabarma, ya rame, an jera buhunan yashi a ƙofar gida. Na durƙusa a gabansa. Ya ce, "Tashi, ɗiyata. Ni na yahe miki tun kina can. Amma ki hwaɗa min, yaushe za a gyara lambatun ga? Bara ma ruwa ya shigo muna."

Na yi yawon ofisoshi da zanen gyara a hannu. Wani ya ce shaguna sun cika, wa zai fasa su? Wani ko kallon takardar bai yi ba da ya ji sunana. Na tuba, ina kuma roƙon Allah gafara kullum, amma lambatun na nan inda na sa shi. Mutanen ƙauyen sun fara tashi gida-gida. Kawu ya ce shi ba inda za shi.

Ƙannena masu karatu, musamman ku da za a damƙa wa awo da zane, ku mayar da atamfar farko. Kada ku taɓa turken da kuka san a daidai yake, ko da taku ɗaya ne, ko wa ya roƙe ku. Ni na gama zaman da alƙali ya yanka mini. Kawu bai gama nasa ba, ga shi kuma damina ta kusa.