Guzurin Ƙwayar Wake

Kakata mai tsintar wake ce a wani sito, shekara goma sha shida da ɗoriya. Mata goma sha biyu ne a jere kan buhunan da aka shimfiɗa, kowace da tire a cinya, suna fidda tsakuwa da ruɓaɓɓe da wanda ƙwaro ya huda. A cikinsu babu mai saurinta. Ba ta ma kallon tiren, yatsunta ne ke gani. Sai dai ba ta da daɗin zama, wannan kam ba zan rufa mata asiri ba. In ana hira ta tsuke baki, in aka yi dariya ta ɗago kai kamar an taka mata ƙafa.

Ni kaɗai take tsokana, kuma da suna guda: Cinye-iri. Ita ta raine ni a ɗaki ɗaya bayan siton, don ban tashi na ga uwata ba. Na ɗauka sunan wasan kaka da jika ne kawai, har ranar da na cika goma sha bakwai aka ba ni nawa tiren. Da aka tashi cin abincin rana na ce, "Kaka, wai irin wa na cinye?"

Ta ɗauki ƙwaya ɗaya mai ƙiba, ta fasa da haƙori, ta buɗe ta biyu a tafin hannunta. A gefe akwai wani ɗan fari mitsitsi.

"Kin ga wannan? Shi ne ɗan. Duk sauran nan guzurinsa ne. Da shi zai yi saiwa, da shi zai huda ƙasa. Sai ya ga rana ya buɗe ganye sannan ya fara ci da kansa. Ni da na tsufa a gona, wannan ne na manta."

Shekarar da za a haife ni fari aka yi. Babana ya tafi neman aiki, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Innata, 'yar Kaka tilo, tana da cikina wata bakwai, ƙafafu sun kumbura, in ta miƙe jiri ya mayar da ita zaune. Abin da ya rage a gidan tukunya ɗaya ce ta waken iri, an liƙe bakinta, ana jiran damina. A ci ta a rasa shuka, a bar ta a rasa ciki.

Sai Kaka ta yi dabara. Ta ce ai rami ƙwaya uku yake so, bai ce manya ko ƙanana ba. Ta juye tukunyar ta tsince. Manyan, masu cika baki, ta riƙa dafa wa Inna da gishiri, tafi ɗaya kullum. Ƙananan da motsattsun ta mayar iri. Duk bayan kwana biyu sai ta sake tsincewa, wanda jiya ƙarami ne yau ya zama babba. Kumburin ya saɓe, Inna ta samu ƙarfi, ta haife ni lafiya. Kaka har tana yabon kanta da wayo.

Ruwan farko ya sauka, ba mai yawa ba. Kaka ta shuka da zurfi don ta kai ga laima, yadda ta saba tun tana budurwa. Kwana goma shiru. Gonakin maƙwabta sun yi tsanwa, tata sai tsiro ɗaya nan, ɗaya can. Ta durƙusa ta tona rami da yatsa. Duk sun tsira. Ga su farare, sun miƙo wuya, sun tsaya saura gaɓar yatsa ɗaya su fito. Ɓawon kuwa fanko. Ta tona wani, ta tona wani, har layin ya ƙare.

Babu mai sauran iri da zai ba ta. Da lokacin girbi ya yi, mutane na kai amfani gida, mu ko buhu ɗaya ba mu haɗa ba. Inna na cin dusa da ganye tana shayar da ni. Ina ƙiba, tana ƙarewa. Watana bakwai a duniya ta rasu. Kaka ta goya ni ta shigo gari, ta samu wannan tiren.

Na daɗe ina kallon waken da ke hannunta. Raina ya ɓaci, ban san da wa nake fushi ba. So nake ta ce ba komai, ta ce na isa a yi asara domina.

"Da kin san haka za ta faru, Kaka, za ki sake dafa mata?"

Ba ta rungume ni ba. Ta jefa ɓarin waken cikin kwanon ruɓaɓɓu, ta jawo tirenta.

"Kullum sai na tsince wannan tukunyar a raina," in ji ta. "Wata rana ke nake zaɓa. Wata rana ita."

"Yau fa?"

"Tsinci wakenki, Cinye-iri. Kin bar tsakuwa."