Kawu Bitrus Mai Yawon Neman Gafara

Ku da kuka zauna da shi a Sabon Gari kun sani, da ƙarfe biyar ta yi, Kawu Bitrus zai ajiye zarto, ya kakkaɓe garin katako daga rigarsa, ya hau tsohon kekensa ya fita neman gafara. Mutane na fita shan iska, shi kuwa laifukan da ya yi tun safe yake bi gida-gida. Ya ce an kira Kirista ya zama cikakke, kuma shi ba zai yarda rana ta faɗi da haƙƙin wani a wuyansa ba. Ni Ladi, 'yar ƙanwarsa, a gidansa na yi sakandare, don haka ba labari aka ba ni ba.

Inda abin ya ɓaci shi ne Kawu bai tsaya kan abin da ya aikata ba, har abin da ya raya a zuciya sai ya kai wa mai shi.

Ga Alhaji Umaru mahauci nan zaune, ya taso tun daga Gawon Nama, shi ne shaidata. Wata rana Kawu ya jingine keke a gaban teburinsa, masu saye cike.

"Alhaji, na zo neman gafara."

"Mi kay yi mani, Malam Bitrus?"

"Da safe da ka yanka mini nama, na ce a raina wannan saniya ta girme ni. Har na ce kai ma ka sani."

Alhaji ya ajiye wuƙa. "Malam Bitrus, da ka bar maganar ga cikin cikinka ai da mun kwana lahiya. Ga mutum uku nan sun aje nama sun tahi."

Washegari Kawu ya koma neman gafarar mutanen da ya kora. Alhaji ya ce ya yafe na jiya, ya yafe na yau, ya yafe na baɗi, in dai zai riƙa yin tunaninsa a gida.

Ƙarya kuwa, ko ta gaisuwa ba ya yi. Lokacin da aka kawo mana sabon fasto, matashi mai zafin wa'azi, ya tsaya a ƙofar coci yana gaisawa da jama'a, sai tsautsayi ya sa ya tambayi Kawu.

"Baba, yaya wa'azin yau?"

Mama Rifkatu, matar Kawu, ta taka masa ƙafa. Kawu ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya share gumi.

"Fasto, na yi barci sau biyu. Na farkon laifina ne."

Fasto bai sake tambayarsa ba, amma daga Lahadin nan muka fara tashi daga coci da wuri.

Babban abokin gabansa shi ne fushi, don Kawu yana da zuciya kamar garwashi. Wata Lahadi ana ba da shaida, sai ga shi ya miƙe, fuska sai sheƙi.

"'Yan'uwa, ku taya ni godiya. Yau kwanana bakwai cur ban yi fushi ba."

Coci ta ɗauki tafi. Daga ɓangaren mata sai muryar Mama Rifkatu, a hankali: "Biyar dai. Ran Talata fa, da akuya ta shiga shago?"

"Rifkatu, wa ya tambaye ki!" Har ya daki bencin gabansa, kuma shi ya ƙera shi.

Kawu ya tsaya yana huci, sannan ya sunkuyar da kai. "To. Gobe mu fara daga ɗaya."

Akwai kuma abin da yawancinku ba ku sani ba. Mutumin nan da ke neman gafarar mai kanti don ya harare shi, shekara tara ba ya magana da mahaifiyata, Saratu. A wurin jana'izar kakarmu ya faɗa a gaban dangi cewa ita ta bar tsohuwa ta mutu ba kulawa, alhali ita ta yi jinyar. Coci ɗaya suke, ta zauna hagu, ya zauna dama. Gidanta yana Gawon Nama, kullum ta ƙofarta yake wucewa.

Wata yamma yana ba keke iska na yi ƙarfin hali.

"Kawu, yau ina da ina?"

"Wurin mai fenti. Na ce masa malalaci."

"Gidan Mama fa?"

Hannunsa ya tsaya a kan famfo. Na ɗauka zan sha faɗa. Sai kawai ya mayar da keke ciki. Kwana uku bai fita ba, har maƙwabta suka fara tambaya ko lafiya.

Ran Asabar da tsakar rana, cikin zafin nan na Sakkwato da ke narkar da takalmi, ya kama hanya a ƙafa. Na bi shi. Muka tarar da Mama a tsakar gida tana tuƙa tuwo. Kawu, da furfurarsa, ya zube a kan gwiwoyinsa.

"Saratu, sauran duk masu sauƙi ne, shi ya sa nake yin su. Naki nake gudu. Ƙarya na yi miki, ke kika riƙe Inna. Ni ne ban zo ba, kunya ta sa na ɗora miki."

Mama ta fashe da kuka. "Yaya, tashi. Na yafe tun tuni."

"Ban gama ba."

"Na ce na yafe."

"Kin tuna muna yara, da Baba ya zane ki saboda zakaransa da ya ɓace?"

Kukan ya tsaya cak. "Kai ne?"

"Ni na gasa shi a bayan rumbu."

Mama ta ɗaga muciya. "Wannan kam sai na yi tunani."

Ranar ya ci tuwo malmala uku, suna dariya suna share hawaye, tana lissafa masa bulalar da ta sha.

A kwanakinsa na ƙarshe a asibiti, ita ce a gefen gadonsa. Da na je, ya kama hannuna.

"Ladi, ban kai ba. Duk tsawon raina ina gyara, har jiya sai da na yi wa mai allura tsawa."

"To yanzu fa, Kawu?"

Ya yi murmushi. "Sai a kan gadon nan na gane. Yesu bai ce sai na kai ba. Cewa ya yi in zo."

Ya Ubangiji, ga bawanka Bitrus ya zo. Ka karɓe shi da alherinka, ka ba shi hutu. Ka ta'azantar da Mama Rifkatu da Mama Saratu. Mu kuma da muka rage, ka ba mu ƙarfin zuciya mu shirya da 'yan'uwanmu tun muna da rai. Amin.