Mai Tef, Ga Haƙurin da Na Ƙi Ba Ki

Ƙarfe bakwai take ɗaga ƙofar shagon. Ta share, ta jera kwalayen da mota ta sauke, manya a ƙasa, ƙanana a kan kanta, sannan ta rataya tef ɗin awo a wuya sai ka ce tela. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana aiki a inda muke karɓar kayan da aka saya ta waya. Abin da ake biyan ta a kai shi ne ta duba lamba ta miƙa kwali. Sauran duk don Allah take yi. Har unguwa ta mance sunanta, kowa Mai Tef yake cewa.

In hutun ƙarshen shekara ya matso, kasuwannin waya suka fara shelar rangwame, sai ka ga mutane a gabanta kowa da wayarsa, ana so ta duba. Dabararta biyu. Tun wata biyu kafin lokacin take ɗaukar hoton farashi, don wasu masu sayarwa sai sun ɗaga kuɗi sannan su ce sun rage. Ta biyun ita ce tef. Ba za ta bar ka ka danna ba sai ta karanto girman abin, ta ja tef ta nuna maka da idonka. Direban makarantar jikokina ya ce ya taɓa nuna mata wata katifa mai arha a wayarsa. Ta ja tef bai fi kamu ɗaya ba, ta ce, "Malam, kai za ka kwanta ko kyanwarka?"

To, ni ma na je, kuma nan ne kunyata take.

Babbar jikata ta kusa gama koyon ɗinki, na kuwa cika baki a gaban 'ya'yana cewa keken ɗinkinta ni zan saya. Sai na ga wani a waya, fari tas, kuɗinsa ko rabin rabin na kasuwa bai kai ba. Na kai wa Mai Tef ina rawar jiki. Ta duba, ta ja tef, ta tsaya a taƙi ɗaya.

"Mama, tsawonsa ke nan. Na wasan yara ne."

Layi cike da mutane, wani ya ƙyalƙyale da dariya. Raina ya ɓaci. Na ce, "Ke mai ɗaukar kwali me kika sani a kan keke? Ko baƙin ciki kike don ba ke kika samo ba?" Haka na faɗa, da furfurata. Ta naɗe tef ɗinta, ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Mama." Na koma gida na danna da kaina.

Kwana tara saƙo ya iso. Na je da mai baro, wai zai ɗauko mini keke! Tana hango ni ta ce masa, "Je ka abinka, ba yau ba ne." Ta ja ni bayan kanta inda ba mai gani, ta ɗora mini kwalin a tafin hannu. Ko nauyin sabulu biyu bai kai ba. Na kai hannu zan yage, ta riƙe ni.

"Kada ki buɗe, Mama. In an yage ba za su karɓa ba."

Ita ta cike takardar mayarwa. Ita ta yi ta bibiya har kuɗina ya dawo. Ana saura kwana biyu rangwame ya ƙare ta samo mini keke na gaske, ta nuna mini hoton tsohon farashinsa, ta ja tef har sai da hannuwanta suka buɗe. Ranar da aka yaye jikata kekenta yana ɗaki. Ta rungume ni tana cewa, "Tsohuwa, ashe kin iya waya haka?" Na yi murmushi na karɓi yabon da ba nawa ba.

Shekara uku ke nan. Nakan gaishe ta, in tambayi yara, in wuce. Kalma ɗaya ta gagare ni. Ita kuwa ko mijinta ban ji ta gaya wa ba.

Yanzu an ce ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, gwiwoyinta sun gaji da tsayuwa. Mai Tef, ke ce kika rufa mini asiri a inda na tona miki. A gaban mutane na ci mutuncinki, don haka a gaban mutane nake cewa ki yafe mini. Na gode. Allah ya ba ki lafiyar ƙafa, ya ba 'ya'yanki masu rufa musu asiri.

Ku kuma masu jiran rangwamen bana, ku auna kafin ku danna, wanda ya san hanya ya nuna wa tsofaffi kamar yadda ta yi. Kuma in wani ya gaya muku gaskiya kuka yi masa rashin kunya, kada ku yi shekara uku irina.

Jiya na karanta wa jikata wannan. Ta tashi ta ɗauko tef ɗinta, ta ce, "Tashi mu je, tsohuwa. Ke ki faɗa mata da bakinki, ni in auna ta. Rigar farko da ya kamata keken nan ya ɗinka tata ce."