Waken Inna na Cikin Tulu

Shekarun baya, a wata shekarar fari da gero ya bushe a tsaye tun bai fidda kai ba, na dawo gida Gangara hutu daga makarantar koyon aikin gona. Lokacin ina taimaka wa wani malamina a ɗakin bincike, inda ake ƙoƙarin sauya ƙwayoyin halittar wake don ya jure fari da ƙasa mai gishiri. Gaskiya wanke kwalabe ne aikina, amma a gari in ka ji bakina sai ka rantse ni ne shugaban wurin.

A gefen gonarmu akwai wani fili da kanwa ke fitowa fara fat, ko ciyawa ba ta son wurin. Abu ɗaya ke yi a can, wani ƙanƙanin jan wake na mahaifiyata, mai wuyar dahuwa, wanda ta gada a wajen uwarta. Kowace kaka sai ta cuɗe irin da toka, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka.

Shekarar nan rumbu ya ƙare da wuri, ga 'ya'yan yayana kullum suna kuka. Na ce mata, "Inna, ki fasa tulun nan a dafa. Baɗi ni da kaina za ni kawo miki irin zamani, wanda ba ruwanshi da fari."

Ta ce, "Ɗan nan, ba a cin iri."

Na yi ta zuba mata boko har kwana uku. A na huɗu ta ɗauki muciya ta ɓare lakar, ba ta ko kalle ni ba. Muka ci, har na yi ƙari.

Da na koma makaranta na roƙi malamina irin da na yi alkawari. Ya ce aikin da sauransa, sai an yi shekaru ana gwaji kafin ya isa hannun manomi. Cikin kame-kame na ba shi labarin waken Inna. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Wake mai yi a kan kanwa? Irinsa muke ta nema, don mu gano abin da ke cikinsa. Yana ina?"

Na ce, "Malam, mun cinye."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na hana uwata abin shuka, na kuma zuba abin da malamina yake nema a tukunya.

Na dawo gida na durƙusa na faɗa mata komai. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Kai kana zaton bokonka yas sa nih hwasa tulu? Kukan jikokina na. Tashi mu tai Turba."

Ashe al'adar gidansu ce, duk 'yar da aka aurar sai an sa mata ƙoƙo guda na irin a cikin kayanta, don kada iri ya zauna gida ɗaya. Ƙanwata da ke aure a Turba ta kwance wani tsumma, ga waken bai fi cikin tafin hannu ba. Su ma sun sha yunwa, amma ba ta taɓa shi ba.

Inna ta raba shi uku, ta miƙo mini kashi ɗaya. "Ka ce ma malaminka aro na. In ya haihu, shi maido."

Da tsohuwar zuma ake magani, na sha jin haka, amma sai ranar na fahimta. Har yau ina cikin wannan aiki, ina kuma da yaƙinin zai amfani mutanenmu, sai dai na daina yi wa mai jin yunwa alkawarin abin da ba ya hannuna.

Inna ta rasu ba ta ga irin zamanin ba, Allah Ya jiƙanta. Bara da na aurar da 'yata, mata suna ta jera kwanuka, ni kuwa na shiga na tura ƙoƙon jan wake a ƙasan akwatinta.