Yarinyar da Muka Tayar a Mamobi

Ladan na kiran asuba muka bar Jos, ni da wasu 'yan'uwa biyu na ikkilisiyarmu. Wata ƙaramar coci ta masu jin Hausa a Akara, babban birnin Gana, ce ta gayyace ni in koya wa matasanta rubuta labari. Su biyun kuwa atamfa ce ta kai su, ko da yake a gida sun ce rakiyar aikin Ubangiji za su yi. Daga Legas zuwa Gana iyaka uku muka ƙetare, kowacce sai an sauke mu an zazzage jaka. Wani jami'i ya ga tawa cike da takardu, ya tambayi sana'ata. Na ce marubuci ne, ya dube ni da tausayi ya ce in wuce.

A tashar Tudu muka sauka, inda 'yan mata 'yan dako daga arewacin ƙasar ke rububin kayan fasinja da manyan kwanoni a ka. Muka shiga ƙaramar motar haya zuwa unguwar Mamobi. Lunguna ne matsattsu, shago a jikin shago, ga wata babbar kwata da ta ratsa unguwar, faɗinta ya kai na titi. Komai da tsada, amma shinkafa da waken da suke sayarwa a ganye ta sa na yafe musu. Hausa kuwa ko'ina, sai dai tasu ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne.

Mai masaukina dattijon cocin ne, tsohon direba mai hannu a sake. Shi ya ɗauki nauyin buga labaran matasan a ɗan littafin da za a raba ranar godiyar kaka. Ya ba ni ɗakinsa, matarsa ta yi ta ɗura mini tuwo.

Ranar farko na yi magana har da buga tebur. Na ce musu ƙagaggen labari ba ƙarya ba ne, Ubangijinmu da kansa da misalai ya koyar da mutane. Na ce Allah ba ya bukatar mu yi wa duniyarsa kwalliya kafin mu rubuta ta. Kirista na iya rubuta kabari, domin begensa bai tsaya a bakin kabari ba. Ni kaina na ji daɗin bakina.

Da suka kawo labaransu sai jikina ya yi sanyi. Mashayi ya tuba, boka ya ƙone layunsa, matalauci ya yi azumi ya samu biza. Duk a shafin ƙarshe ake tafawa. Guda ɗaya ne ya fita daban, na wata budurwa mai koyon ɗinki da ke zama a bencin baya. Ta rubuta yadda ruwan sama ya cika kwata ya tafi da wata yarinya 'yar shekara shida. 'Yan coci suka taru a baki suna addu'a. Wani mahauci Musulmi, maƙwabcinsu, ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga, ya fito da ita ba rai. Ya cire rigarsa ya rufe ta, ya miƙa wa uwar. Labarin ya ƙare da uwar tana wanke rigar za ta mayar masa, tana rera waƙar coci. Ban taɓa rubuta abin da ya kai shi ba.

Dattijo ya karanta, ya ajiye tabarau.

"Ɗana, wannan ba zai shiga ba. An yi addu'a, yarinyan ya mutu? Kuma mahauci ne jarumi? Mutanena za su karaya. A sa yarinyan ya tashi, mahaucin ya zo coci."

Ya juyo yana jiran in sa baki, budurwar ma ni take kallo. Na tuna gadonsa da nake kwana a kai, na tuna tuwon. Sai na ji bakina yana cewa, "Ai labari ne, 'yata. Ɗan gyara ba laifi."

Budurwar ta tattara takardunta. Ranar Lahadi ta karanta sabon a gaban jama'a. Yarinya ta yi tari ta amayar da ruwa, ta buɗe ido, mahauci ya durƙusa. Coci ta ɗauki Halleluya, har da masu guɗa. Wata mata ɗaya ce na ga ta tashi ta fita tun ba a gama ba.

Bayan an tashi na je in yaba mata, don in rage wa kaina nauyi. Ta miƙo mini takardun farko.

"Malam, ka riƙe, ni na gama rubutu. Wanda ya fita ɗin nan mamana ne. Kun ce ƙanwana ya tashi. To wa muka binne bara?"

Ban taɓa tambayarta ko labarin ya faru ba. Ta juya ta tafi. Na nemi dattijo a mayar da na farkon, ya ce an riga an kai wa masu bugawa. Washegari na je shagon ɗinkinsu, uwar ɗakinta ta ce ta aike ta, ina kuwa hango ƙafafunta a bayan labule.

Hanyar dawowa ta yi mini tsawo. Abokan tafiyata na ta yaba atamfarsu, ni kuwa ina riƙe da takardun budurwar. Mun iso Jos lafiya, iyali suka tarye ni da murna, a coci aka ce in ba da rahoton nasara.

Abin da na koyo ba mai daɗi ba ne. Mun fi tsoron labarin gaskiya fiye da ƙarya, muddin ƙaryar ta ambaci sunan Allah. Masu tasowa a rubutu, idan wani babba ya ce ku canza ƙarshen labarinku don a ji daɗi, ku tambaye shi ko ya san wanda aka binne. Ni ban tambaya ba. Mutum ɗaya ce a cikin matasan nan ta gaskata abin da na koyar, ita ce kuma na sa ta daina rubutu.