Baba Ɗan'azumi, Direban da Ya Kai Kiɗan Kwango Manchester

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, 11 ga Maris 2025, da hantsi, Hajiya Habibatu ta kira ni ta ce mijinta, Baba Ɗan'azumi, ya rasu a gidansu na unguwar Erdington a Birmingham bayan jinyar wata biyu. Shekarunsa sittin da takwas.

Baba, da na zo Birmingham karatu kai ka ba ni ɗaki. Direban bas na san ka, sai na tarar da faifan garmaho jere a falonka. Ka ce tun a Fagge kake jin kiɗan Kwango a rediyon wani tela. Ko kalma ɗaya ta Lingala, yaren waƙoƙin, ba ka ji, amma jitar nan ta kama maka zuciya.

Wata rana a titin Stratford ka ji wata fasinja tana rera waƙa ƙasa-ƙasa. Mama Nsimba ce, mai aikin kula da tsofaffi, wadda ta shekara goma tana waƙa a Kinshasa kafin ta daina. Ta ce maka nan ba mai saurare. Ka buɗe mata garejinka duk Asabar, ita da masu jita uku. Wasu mutanenmu suka yi ta tsegumi, wai dattijo da furfura yana tara makaɗa. Ka ce, "Maƙwabtana ne, kuma sana'arsu ce. Salla dai ba ta taɓa wuce ni ba."

Da masu shirya wani bikin kaɗe-kaɗe a Manchester suka ƙi karɓar su, wai ba a san su ba, Mama Nsimba ta ce ta haƙura. Kai ka ƙi. Ka sa 'yarka Marwa ta ɗauki bidiyo a garejin ta ɗora a intanet. Kafin wata ya ƙare saƙo na zuwa daga Brazil da Japan, masu bikin kuma da kansu suka bugo waya.

Kai ka tuƙa su zuwa bikin. Ina wurin, na ga Turawa da 'yan Jamaika da 'yan Pakistan suna rawa da waƙar da ba su san ma'anarta ba. Ana tsaka da kiɗa Mama Nsimba ta ɗaga hannu, ta kira sunanka, ta ce, "Wannan mutumin ne ya mayar min da muryata." Ka sunkuyar da kai kamar an kama ka da laifi. Yanzu har Lisbon da Montreal ake gayyatar su.

Ranar jana'izarka, 'yan Kwango kusan arba'in suka tsaya a ƙofar masallaci a unguwar Sparkbrook, cikin ruwan sama, sanye da mafi kyawun kwat ɗinsu. Babu wanda ya motsa har aka fito da kai.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Hajiya Habibatu, Marwa da ɗan'uwanki Zayd, Allah Ya ba ku haƙuri. Mutumin kirki kuka rasa, mu ma mun rasa shi tare da ku.